Da Wace Doka Za Mu Shiga Dajin?

Ƙasar kam na zana ta tuni
a bayan kalandar shagon Baba:
kogin da ke gudu gabas da safe, ya juyo da dare,
birnin maƙera bisa bayan kunkuru,
kasuwar da ake auna inuwa mudu-mudu.
Mutum uku sun ce za su shiga.
Saura doka:
wa zai ce takobi ya sami wuya,
wa zai ce iska ya sara?

Muka zauna a soronmu, Rafin Daɗi,
bayan isha'i, an ɗauke wuta,
wayar Sada a bakin kofi tana haska tabarma.

Mannir ya zo da nasa cikin leda,
shafi ɗari uku, bugun bakin jami'a,
ya cinye masa kuɗin man babur na mako guda.
Komai da jadawalinsa:
nauyin sulke, tsawon mashi,
taku nawa raƙumi zai yi kafin ƙishi.
Ga ɗan jifa mai fuska ashirin
da ya yi wata biyu a hanyar Legas.
Ya ce, "Doka mai yawa ita ce adalci.
In babu mudu, mai baki shi ka cinye kasuwa."
Awa guda muna haihuwar jarumi ɗaya,
shayi ya huce, ko suna ba a raɗa masa ba.

Sada ya karanto nasa: shafi biyu,
'yan lido biyu, shi ke nan,
ko ka faɗi labari bai faɗi ba.
Mannir ya ce, "Rumfa ce ba ginshiƙi."
Sada ya ce, "Naka fom ɗin neman aiki ne."
Ni da zan riƙe labari ina tsakiya
kamar mai rabon gadon da ba a mutu ba.

Rabe tela bai ce uffan ba.
Turancin ya tsaya masa kamar ƙaya a wuya,
yana juya shafi, yana kallon hotuna.
Shi ne kuwa tun Talata,
ƙafa na taka keke, baki cike da allura,
yake ce mini so yake ya zama tsohon baduku
mai ɗinke raunin aljanu da zaren hayaƙi.
Na bi shafi ɗari uku da yatsa.
Ga mayaƙi, ga boka, ga ɓarawo.
Babu baduku.

Sai Inna ta leƙo, ta ji ƙwas a siminti.
"Caca a sorona?"
Na ce, "Tatsuniya ce, Inna,
sai dai kowa da bakinsa a ciki."
Ta dube mu ɗaya-ɗaya. Ta koma.
Ta dawo da gwangwanin madara,
ta zazzage wuri shida, na tsohuwar ƙwaryar ado.
"Ko sisi na ji an aza, in kwashe abina."

Hindatu, daga bakin ƙofa, littafin lissafi a cinya,
ba ta ko ɗago kai ba:
"Huɗu a buɗe, ka ci.
Uku, ka ci, amma da bashi.
Ƙasa da haka daji ya ci."
Mannir ya buɗe baki, ya ƙirga da yatsu, ya rufe.
Muka bar masa jadawalin makamai
don kada man babur ya tafi a banza.

Na ce, "Rabe, ga aljana kwance a gindin tsamiya,
ƙafarta a tsage. Me za ka yi?"
Ya share hannu a riga.
Ya kaɗa. Ya watsa.
Uku.
Na ce, "Ka ɗinke, amma zaren ya ƙare."
Ya ce, "To, a warware daga inuwata."

An kawo wuta ban san yaushe ba.
Mannir na cusa littafi a leda yana cewa
mako mai zuwa dai nasa za a gwada.
Rabe ya bi lungu zai tafi gida,
na ga ya tsaya ƙarƙashin fitilar masallaci
yana duba ƙasa, ko ta ragu.